Hoton da Muka Bari a Kan Fil

Ni gajere ne, kuma har yau ba na son a tuna min. Na fara da wannan ne don labarin da zan bayar ba zai fahimtu ba sai an san cewa akwai wata ƙusa a ɗakinmu wadda hannuna ba ya kaiwa.

A shekarar 1969 ina ɗinki a wata 'yar rumfa kusa da Kejetiya, babbar tasha da kasuwar Kumasi, ina kwana a unguwar Moshi Zango. Ɗaki ɗaya muke haya ni da wani mutumin Nijar, daga wani ƙauye can bayan Tawa. Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa. Shi kuma Tela yake ce min, in yana jin tsokana ya ce gajere, ni kuwa in harzuƙa. Dogo ne na gaske, sai ya sunkuya yake shiga ƙofarmu. Kayakaya yake yi, abin da wasu ke kira dako, amma ba kayan kowa yake ɗauka ba. Shagunan Indiyawa da na Kwarori yake wa aiki, daga sito zuwa tashar mota. Ni a Kumasi aka haife ni. Mahaifina daga arewacin Gana ya zo, ya rasu, mahaifiyata ta koma wajen danginta, aka bar ni da keken ɗinki da zafin rai. In aka ce wa nake da shi a garin, to wannan dogon ne.

Shi ya fara tara hotunan. Duk ƙarshen shekara 'yan kasuwan nan sukan raba kalanda ga manyan masu sayayya. Ɗan kayakaya ba ya cikin waɗanda ake ba, amma shi ke shiga sito, kuma a can ƙurya akwai tsofaffin kalandu jibge, wasu sun girme mu duka, ana yaga ana naɗe kaya da su. Sai ya roƙi mai kula da siton, ya naɗo su cikin rigarsa ya kawo gida. Watannin ba su dame shi ba. Yanke su yake ya zubar, ya bar matar da ke sama. Da almakashina na yadi yake yankewa. Faɗan da muka yi a kan wannan ba ya ƙirguwa, don duk tela ya san takarda tana dakushe almakashi, amma kullum sai ya ce wannan ne na ƙarshe.

Matan kalandar nan ba ɗaukar kamara ba ne, zane ne na fenti. Dogayen wuya, gashi a yanke daidai kunne, gira siririya. A bayansu miƙaƙƙun layuka masu ruwan zinari suna bazuwa kamar fitowar rana, ko dogayen benaye hawa-hawa. Wata tana riƙe da sabulu, wata kofin shayi, wata igiyar wani siririn kare da ban taɓa ganin irinsa a duniya ba. Akwai 'yan Sin masu mafici, akwai Turawa a jikin mota. Ba ko ɗaya da take kallon ka. Duk can gefe suke kallo, suna jiran wani wanda ba kai ba. Wadda Yaya ya fi so wata ce mai shuɗiyar riga, ta jingina da ƙarfen jirgin ruwa, iska ta ɗaga mayafinta. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba, sai ka same shi zaune ya zuba mata ido yana cin wake da shinkafa.

Ni kuwa na silima nake so. Ranar Asabar mukan je kallon na Indiya, kuma a bakin ƙofa akwai masu sayar da hotunan 'yan wasa, mata masu kwalli, hannu a ƙarƙashin haɓa, haske na zuba a gefen fuska. Wasu na Masar ne, daga shagon wani Kwara nake samo su. Yaya bai hana ni ba, amma yana ganin nasa sun fi daraja. Wai nawa mutane ne, suna can suna tsufa, nasa kuwa ba sa tsufa.

Bango ɗaya ne mai kyau a ɗakin, wanda ke kallon taga. Tun farko muka kafa doka don kada wani ya cike shi da nasa. Duk hoton da ya shigo, sai an fara kafe shi da fil ɗina na ɗinki, ya yi kwanaki muna kallon sa, muna cin abinci a gabansa. In mu biyu muka yarda, sai a ba shi koko. Haka muke ce wa mannawa. Sitacin rogo nake damawa, irin wanda nake sa wa kwalar riga, mai kauri, mu shafa a bayan hoton. Shi yake riƙe sama, ni in bi ƙasa da tsumma ina shafewa don kada iska ta maƙale. Mutum ɗaya ba ya iyawa, sai takardar ta yamutse. Wanda ya sha koko ya zama ɗan gida, ba ya fita kuma. Wanda aka ƙi, a zare fil, mai shi ya san inda zai kai abinsa.

Ɗaya ce ta gagare mu. Wata 'yar wasan Indiya ce ta da, hoton baƙi da fari, aka bi shi da launi da hannu, kuma wanda ya yi bai iya ba, ya cika mata ja a kumatu. Ta waigo ta kafaɗa tana dariya har ana ganin dasashinta. Ni wallahi tun ganin farko ta shiga raina. Yaya ya dube ta sau ɗaya ya ce ba ta shan koko a ɗakin nan.

"Matar hoto nesa take kallo, Tela," in ji shi. "Wannan mu take kallo, kuma dariya take mana."

Na ce in ma dariya take, ai ta ga abin dariya, ƙato da shi yana soyayya da fenti. Muka yi kwana biyu ba ma magana. Bisa doka ya kamata in cire ta, na ƙi. Shi ma bai taɓa ta ba. Haka ta zauna a kan fil a ƙasan bango, kusa da ƙofa, har shekara ta zagayo. Duk sa'ad da na dama sitaci don wani hoton sai in ce ga saura, shi kuma ya ce a zuba wa kaji.

Zango ba wurin da za ka cika bango da mata ka zauna lafiya ba ne. Wani dattijo a gidan ya leƙo wata rana, ya yi salati, ya ce mala'iku ba za su shiga ɗakin ba, salla kuwa a gaban waɗannan wahalar banza ce. Ba mu yi gardama ba, don mu ma abin yana ɗan sosa mana rai. Na samo wani faffaɗan farin zanen gado na ɗinka masa kunnuwa biyu, Yaya ya buga ƙusa biyu. Ya buga su daidai tsawonsa, can kusa da kwanon rufi. Na ce ya sauko da su, ya ce ai labule aikin manya ne. In za mu yi salla a ɗaki ko wani babba zai shigo, sai ya rataya. In rana ta fito ya sauke, ya kaɗe shi a tsakar gida, ya buɗe taga hantsi ya zubo a kan bangon, sannan ya ɗauki wani ɗaurin gashin zabo ya bi hotunan ɗaya-ɗaya, yana ƙwanƙwasa gefensu da yatsa. Kullum sai ya yi haka kafin ya fita. Ni iyayi na ɗauke shi, har ina ce masa ya gaishe min da su.

Cikin azumin shekarar aka sanar a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, kuma wa'adin gajere ne. Da farko Yaya dariya ya yi. Ya ce shi da ya ɗauki rabin kayan Kejetiya a kansa, wa zai ce masa baƙo? Amma sai muka fara ganin gadaje da tukwane da kekunan ɗinki a bakin hanya, ana sayarwa yadda ta kama. Mutanen da aka haifi 'ya'yansu da jikokinsu a zango suna ɗaure kaya. Mai gidan da muke haya, shi ma mutumin Nijar ne, ya sayar da gidan. Yaya ya cika bango da takardu, amma ba shi da ko ɗaya irin wadda ake tambaya. Ni dokar ba ta shafe ni ba, kuma na ji kunyar hakan, ban san dalili ba.

Abin da ya mallaka bai wuce ƙunshi ɗaya ba. Bangon ne ba ya ƙunsuwa. Na gan shi ya sa farce a gefen mai shuɗiyar riga a hankali, takardar ta yi ɗan ƙara, ya janye hannu da sauri. Mun ba ta koko da kyau, ni na dama. A azumi dama labulen a rataye yake yini, sai an sha ruwa ake saukewa. Safiyar tafiyarsa ya rataya shi kamar kullum, ya ja gefensa ya daidaita, ya tsaya yana kallon farin zanen.

"Bayan salla abin zai lafa, zan dawo," ya ce. "Ka riƙe min su, Tela."

Na ce to wa zan ba, ai ba cin su zan yi ba. Da faɗa-faɗa na faɗa, don in na yi magana a hankali kuka zan yi.

Na raka shi tasha. Ban taɓa ganin Kejetiya haka ba, mutane a kan kaya, kaya a kan mutane, yara na kuka, kowa da azumi a baki. Yaya ya ga wata tsohuwa tana fama da akwati, ya miƙo min ƙunshinsa, ya ɗora akwatin a ka ya kai mata mota kamar ranar aiki. Da motarsu ta tashi, kansa ya fi na kowa tsawo a baya, na daɗe ina hango shi. Na koma rumfa na zauna a gaban keke, ban ɗinka komai ba.

Kayan salla da na ɗinka, da yawansu masu su sun tafi ba su karɓa ba. Suna nan rataye a rumfata, riguna, wanduna, har da wata 'yar riga mai aiki a wuya da uban ya yi ta jaddada min kada ta makara. Ranar salla na je idi, sahu ya ragu, mutanen da nake gaisawa da su duk shekara babu su. Mai ƙosan bakin layinmu ta tafi, mai nama ya tafi, wanzamin da ke min aski ya tafi. Na dawo ɗaki na ci tuwon salla da wata maƙwabciya ta aiko, ni kaɗai, ina fuskantar labule. Kaɗaici ya kama ni a ranar, irin wanda ban san akwai shi ba.

Azumi ya wuce, ya kamata labule ya sauka. Ban sauke ba. Na miƙa hannu sau ɗaya, har da ɗage, ban kai ba, na yi tsaki na bari. Zan iya hawa akwatina, amma kullum in riƙa hawa ina sauka kamar biri don wani ya ƙi jin maganata ya buga ƙusa a sama? Na ce wanda ya rataya ya zo ya sauke abinsa. Wannan shi ne abin da bakina ke faɗa. A raina kuwa ba na son in ga matan nan ba ya nan. Kuma na yi tunanin a rufe sun fi tsira, ba ƙura, ba hayaƙi, rana ba za ta koɗar da launi ba. In ya dawo ya yaye labule da hannunsa ya same su yadda ya bar su. Har daɗi nake ji in na tuna wannan dabara tawa.

Wadda ta sayi gidan wata 'yar Asante ce mai sayar da atamfa, Maame muke ce mata. Ba muguwa ba ce, amma ni a lokacin kowa mugu ne a idona. Ta zuba sababbin 'yan haya, ta sa aka shafe ɗakuna da farar ƙasa. Da aka zo nawa na tsaya a ƙofa na ce sai dai a shafe ni. Ta ce to in yarda a ƙaro min abokin kwana, na ce shimfiɗar tana da mai ita. Ta dube ni, ta dubi labulen, ta tambaya da Hausarta ta kasuwa me ke baya. Na ce amana ce. Ta ƙyale ni. Ta dai ce ɗakin yana wari, in riƙa buɗe taga, na ce ai hancina ne ke ciki ba nata ba. Tun daga ranar ma na daina buɗe tagar, don yaran sababbin 'yan haya suna leƙe.

Sabuwar shekara ta shigo. Mai kula da siton nan ya tsayar da ni a hanya ya ba ni sababbin kalandu, ya ce ya ajiye wa dogon ne. Na kai su gida na sa a akwati, ko watannin ban yanke ba, don babu wanda zan tambaya ko ya yarda. Na je silima sau ɗaya. Da jarumar ta fito na juya dama zan yi magana, na ga wani baƙon mutum yana cin gyaɗa. Ban kai ƙarshen fim ɗin ba. Na zama mafaɗaci fiye da da. Na yi rigima a mota a kan kujera, na kori mai ɗinki don ya ce hannun rigarsa ya yi tsawo. Da yamma in dawo in zauna, wani lokaci in ji kaina ina ba labule labarin kasuwa.

Ruwa ya sauka, irin ruwan Kumasi da ba ya sanin ya isa. Bango ya yi sanyi, tabarma ta yi danshi, takalmina na salla ya yi funfuna. Nakan ji ɗan motsi a bayan labulen, ƙas-ƙas, in ce tsaka ce. Da safe in ga wani gari-gari a gindin bangon kamar dusa, in share in zubar a kwata. Na ɗauka siminti ne ke zuba, har ina ƙunƙuni cewa Maame ta sayi ruɓaɓɓen gida. Wata rana na ga ɗigo-ɗigon shuɗi a cikin sharar, na tsaya na duba, na ce zaren ɗinki ne ya biyo ƙafata.

Ana tsakiyar damina wani direban motar goro ya zo rumfata yana tambayar gajeren tela mai faɗa. Na ce ga shi, me aka yi? Ya ce daga arewa yake, ya kawo mota gyara Suame, unguwar makanikai, kuma wani dogo ya tare shi a kasuwar wani gari bayan iyaka ya ba shi saƙo. Yaya yana nan lafiya. Yana noman gero da wansa. Bana ba zai iya dawowa ba, hanya ta yi tsauri, baɗi ma sai abin da Allah ya yi. Abu ɗaya yake roƙo. In jiƙa tsumma da ruwan ɗumi in dafa a kan mai shuɗiyar riga har kokon ya saki, in ɓamɓaro ta a hankali in ba direban. Wai ɗakinsa na can babu komai a bango, idonsa ba ya samun wurin sauka.

Na ji daɗi, na ji haushi, duka a lokaci guda. Na rufe rumfa da rana tsaka na tafi gida. Na ɗora ruwa a kan gawayi, na yanko sabon tsumma mai laushi. Sannan na jawo akwatin na hau, abin da na yi wata da watanni ina ƙi. Na zare kunne ɗaya daga ƙusa, labulen ya zube gefe guda.

Kyankyasai ne suka fara watsewa, manya da ƙanana, wasu ta kan hannuna. Da suka gama gudu na ga bangon. Babu matan. Abin da ya rage ɓarɓashin takarda ne a manne nan da can, da baƙin kashin kyankyaso, da funfuna. Sun bi sitacin sun cinye, suka haɗa da takardar. Nan ga rabin mafici, can ga ƙafar siririn karen. Wata 'yar Masar ido ɗaya ya rage mata. Mai shuɗiyar riga kuwa, ƙarfen jirgin yana nan da ɗan gefen teku, inda take tsaye siminti ne. Na tuna sharar da nake kwashewa kowace safiya, na zauna a kan akwatin.

Sai na tashi da takalmi. Na bi su ina duka ina zagi, zagin da ban san na iya ba, har Maame ta shigo da gudu ta ɗauka ɓarawo na kama. Ta tsaya ta dubi bangon. Ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma har gobe ina ganin girmanta saboda haka. Ta dai ce sitaci a duhu da danshi abincinsu ne, ita ma atamfarta in ba ta fito da ita ta sha iska ba haka suke mata. A nan na gane gashin zabon nan da buɗe taga da ƙwanƙwasa gefe ba gaisuwa ba ce. Bai taɓa gaya min ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, ina can ina masa ba'a. Ta kawo tsintsiya ta taya ni shara.

Muna cikin sharar ta nuna ƙasan bango kusa da ƙofa da bakin tsintsiya. Mai dariyar tana nan a kan fil ɗinta. Fil ɗin sun yi tsatsa, gefe ɗaya ya ɗan naɗe, amma ko jan kumatun nan ba a taɓa ba. Ba ta sha koko ba, ba su sami abin ci a jikinta ba. Ta waigo ta kafaɗa tana dariya, ita kaɗai a bangon duka. Wallahi a ranar na fahimci abin da Yaya yake nufi, don na ji kamar in yage ta.

Na yi tunanin in aika masa da sababbin kalandun nan na cikin akwati. Amma bai san su ba, bai taɓa cin abinci a gabansu ba. Na cire mai dariyar, na sa ta tsakanin kwali biyu, na naɗe da ƙyallen yadi na ɗinke bakin, na haɗa da sababbin fil. Na kai wa direban a Suame, na same shi zaune a kan taya ana gyaran motarsa. Na ce ya faɗa wa Yaya komai yadda ya faru, kada ya rage, kuma ya ce masa laifin ƙusarsa ne. Direban ya tambaya ko wannan na ƙarshen ma a faɗa. Na ce shi zai fara faɗa.

Maame ta sa aka kankare bangon aka shafe. Ɗakin ya yi haske, ya yi girma, na tsane shi. Labulen na wanke na mayar da shi zanen gado. Mai shafen bai cire ƙusoshin ba, ya bi ta kansu da farar ƙasa. Ina jiran direban, ina kuma tsoron zuwansa. Ina ta ƙiyasta fuskar Yaya in ya warware ƙyallen ya ga wadda ya tsana.

Sai da wani azumin ya kusa sannan direban ya dawo. Ya same ni a rumfa, ya zauna a benci, ya sha ruwa, yana ta labarin hanya da ramuka, ni kuwa kamar in shaƙe shi. Daga ƙarshe ya ce ya sami dogon, ya faɗa masa komai, har maganar ƙusa. Wai Yaya ya tambaya ko jirgin ma ya tafi, aka ce jirgin yana nan, matar ce babu. Sannan ya warware ƙyallen, ya dube ta, ya ce har yanzu kumatun sun yi ja da yawa. Ya shiga ɗaki ya kafe ta a bangon ƙasa da fil ɗin da na aika.

Na tambaya ko shi ke nan abin da ya ce.

"A'a, da saura," in ji direban. "Ya ce in gaya maka ya yarda, a ba ta koko. Amma wai ba ya iyawa shi kaɗai, takardar za ta yamutse. Shi zai riƙe sama, kai yake jira ka zo ka shafe ƙasa."

Na sunkuyar da kai a kan keke na yi kamar zare ne ya sarƙe.

Ban je ba. Na sa rana ta wuce, na sake sawa. Ga aiki, ga aure, ga 'ya'ya, direban ma ya sauya hanya, labari ya yanke. Shi ma bai dawo ba. Har yanzu ina tara hotuna, na silima da na kalanda, shagona cike yake da su, jikokina suna ce min tsoho mai 'yan mata. Kowace safiya ina buɗe taga in bi su da gashin zabo. Wani lokaci mai ɗinki yakan tambaya me ya sa ban manna su ba, ga gam ko'ina yanzu, fil yana huda su yana tsatsa. Sai in ce ya kula da awon wandonsa. Duk a kan fil suke.